Yadda Ake Haɗa Tambari da Hotunan Talla na Gidan Motsa Jiki da Ƙirƙirarriyar Basira

Kwanakin baya wani ƙanen abokina da ya buɗe wurin ɗaga ƙarfe a wani shago mai ƙofa biyu ya same ni da waya a hannu, baki har kunne. Ya ce, "Yaya, duba tambarin da na haɗa, ko minti biyar ban yi ba." Na karɓa na duba. Zaki ne a tsaye da ƙafa biyu, damtse kamar turmi, kambin zinare a ka, wuta na ci a bayansa, ga walƙiya ta gifta ta sama. A fuskar waya abin ya yi kyau, ba ƙarya. Na ce masa ya kai wa mai buga riguna, in ya dawo mu yi magana.

Bayan la'asar sai ga shi jiki a sanyaye. Mai bugawa ya ƙirga masa launuka har ya gaji, mai ɗinkin kwamfuta kuma ya ce masa allura ba ta ɗinka hayaƙi. Da muka ƙura wa sunan wurin ido, sai muka ga harafi ɗaya ya yi layar zana, ƙ ɗin da ke ciki kuma ta koma k.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin wadda ya haɗa tambarin da ita sun iya zane, kuma suna da sauri. Abin da ba su sani ba shi ne inda zanen zai je ya zauna: ƙirjin riga, allon bakin titi, hatimin rasidi, ɗan da'irar hoton WhatsApp. Wannan kai ne ka sani, don haka kai ne mai yanke hukunci a kowane mataki. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: ajiye wayar, ɗauki biro

Rubuta amsar tambaya uku a takarda. Ta farko, su wa kake so su shigo? Samari masu neman damtse da faɗin ƙirji daban, magidanta da likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini ko ciwon suga daban, matan aure da ke neman wurin da babu maza daban. Tambarin da zai ja saurayi ɗan shekara 22, wato mai kaushi da duhu, shi ne zai kori Alhajin da ke neman wuri mai natsuwa ya taka injin gudu bayan asuba.

Ta biyu, waɗanne kalmomi uku ne kake so su zo wa mutum in ya ga alamarka? Misali: ƙarfi, tsafta, mutunci. Ko kuma: sirri, lafiya, walwala, in wurin mata ne. Kada su wuce uku.

Ta uku, a ina da ina za a sa shi? Jera su duka: allon ƙofa, bana, rigunan masu horarwa, katin mamba, gorar ruwa, sitika, hatimi. Mafi ƙanƙanta a cikin jerin shi ne alƙalin sauran. In tambari bai fito a hatimi ba, bai yi ba.

Dubi manyan alamomin wasanni na duniya. Ta Nike lanƙwasa ɗaya ce, wata ɗaliba mai suna Carolyn Davidson ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35. Gidan Gold's Gym da Joe Gold ya buɗe a Kalifoniya a 1965, inda Arnold Schwarzenegger ya yi atisaye, tambarinsa mutum ne mai sanƙo riƙe da sandar ƙarfe ta lanƙwashe don nauyi, ɗan kokawa Ric Drasin ya zana shi a 1973. Abu ɗaya ne a kowanne. Ma'aunina shi ne: in yaro ɗan firamare ya kalli tambarinka na minti ɗaya, ya iya kwaikwayonsa a ƙasa da tsinke?

Mataki na biyu: wace manhaja?

Ba sai ka zagaye su duka ba. Biyu sun isa, ɗaya ta tattaunawa, ɗaya ta haɗawa.

ChatGPT na kamfanin OpenAI da Gemini na Google su na fi ba mai farawa shawara, domin hira kake yi da su. Ka ce a rage nan, a ƙara can, su gyara hoton da suka riga suka yi, ba sai an koma farko ba. Tun Maris 2025 zanen hoto na ChatGPT ya inganta sosai wajen bin umarni, Gemini kuma ya yi suna wajen gyaran hoton da ka ɗora masa. Dukansu suna ba da wani adadi kyauta, in ka cinye sai ka jira. Meta AI da ke cikin WhatsApp, wanda ya iso Najeriya da Ghana a Afrilu 2024, yana da amfani wajen gwada ra'ayi cikin sauri, amma ba na dogara da shi a aikin ƙarshe.

Ideogram, wanda wani kamfanin Toronto a Kanada ya fitar a 2023, ya fi shahara wajen zane mai kama da tambari da kuma rubutu a cikin hoto. Recraft kuma yana iya fitar da zane a tsarin bekta kai tsaye, za ka ga amfanin wannan a mataki na shida. Midjourney ya fi su ƙawa a hotunan talla, sai dai ba kyauta ba ne, ƙaramin tsarinsa dala 10 ne a wata. Canva ita ce teburin haɗawa, inda za ka jera alama da rubutu da hoto.

Abu ɗaya da mutane ba sa lura da shi: a tsarin kyauta na Ideogram, da ƙananan tsare-tsaren Midjourney, hoton da ka ƙirƙira a bainar jama'a yake, kowa na iya gani. Wasu manhajojin kuma ba sa yarda a yi kasuwanci da abin da aka yi a tsarin kyauta. Buɗe shafin sharuɗɗansu ka karanta kafin ka kashe kuɗin bugawa.

Mataki na uku: rubuta umarni

A nan aikin yake, don haka zan ɗan jima.

Abin da yawancin mutane ke rubutawa shi ne, "Ka haɗa mini tambari mai kyau na gidan motsa jiki." Manhajar sai ta ba su matsakaicin duk tambarin da ta taɓa gani: damtse, ƙarfen ɗagawa, garkuwa, wuta, ja da baƙi. Shi ya sa in ka zaga gari za ka ga wurare biyar da alama kamar uwa ɗaya uba ɗaya. Laifin ba na na'ura ba ne. Ko tela ka kai wa yadi ka ce "ɗinka mini mai kyau", abin da ya saba zai ɗinka.

Umarni mai kyau yana ɗauke da abu biyar: abin da za a zana, kuma ya zama guda ɗaya, salon zanen, launuka da adadinsu, bangon da zai zauna a kai, da abin da ba ka so. Ga misali:

"Zana alamar tambari ta gidan motsa jiki na maza. Kan ɓauna ana kallonsa ta gaba, ƙahonnin biyu sun miƙe gefe da gefe sun zama sandar ɗaga ƙarfe mai faifai ɗaya a kowane ƙarshe. Zane shimfiɗaɗɗe, layuka masu kauri, launi ɗaya baƙi a kan farin bango. Babu inuwa, babu sheƙi, babu launin da ke narkewa cikin wani, babu rubutu ko harafi ko ɗaya."

Lura da jimlar ƙarshe. Kada ka bar manhajar ta rubuta sunan wurinka, za mu zo kan dalili. Lura kuma da cewa baƙi da fari muka fara. Launi yana ɓoye aibin zane, kamar yadda kwalliya ke ɓoye muni. In siffar ta tsaya da ƙafarta a baƙi da fari, kowane launi ka sa mata daga baya za ta karɓa.

ChatGPT da Gemini suna gane Hausa gwargwado, amma manhajojin zane gaba ɗaya sun fi jin Turanci. Dabarar ita ce ka rubuta umarninka da Hausa, ka ce wa ChatGPT ya mayar da shi Turanci, ka karanta ka tabbatar bai mayar da ɓauna saniya ba, sannan ka kwafa ka kai inda kake so. Kalmomin Turanci uku da ya kamata su fito a ciki su ne "flat", "vector" da "minimal". Su ke hana manhajar yi maka hoton fim a madadin tambari.

Kada ka tsaya a ra'ayi ɗaya. Fitar da uku ko huɗu mabambanta, kowanne ka nemi samfuri huɗu. A wurinmu akwai abin ɗauka da yawa da ba a gaji da shi ba: dunƙulen ɗan dambe naɗe da zare, 'yan kokawa biyu sun sarƙe, giwa, bishiyar kuka mai kaurin gindi, harafin farko na sunan wurin an gina shi da faifan ƙarfe. Ga wurin mata, siffar mace cikin mayafi tana tafiya da sauri, an zana ta da layi biyu ko uku ba fuska, ta fi duk wani hoton ƙarfe isar da saƙo. Dagin Arewa ma mutane suna sonsa, sai dai ya yi yawa a gari, daga ƙungiyoyi zuwa shagunan shinkafa, don haka shi kaɗai ba zai bambanta ka da kowa ba.

Waɗannan abubuwan namu manhajojin ba su san su sosai ba. Ka ce dambe, ta kawo maka safar damben Turawa ja. Ka ce dagi, ta kawo maka wani ƙulli na daban. Maganin abin shi ne ka zana da biro a farar takarda, ko da zanen kaza ne, ka ɗauki hotonsa da rana, ka ɗora, ka ce: "Tsabtace wannan zanen, daidaita ɓangarorin biyu, kada ka ƙara komai." Wannan hanyar ta fi kowace fitar da abin da babu mai irinsa, kuma tana da wani amfani a shari'ance da zan ambata a ƙarshe.

In ka samu wanda ya kusa, gyara abu ɗaya a lokaci ɗaya. "Ƙara kaurin ƙahonnin." Duba. "Cire zoben hanci." Duba. In ka jero gyara biyar a saƙo ɗaya, za ta yi biyu, ta manta biyu, ta ɓata ɗaya. Kuma duk hoton da ya yi maka, sauke shi nan take, domin wani lokacin garin gyaran gira ake rasa ido, kuma ba lalle ta sake maimaita na baya daidai ba.

Wani kashedi: kada ka ce "yi mini irin na Puma" ko "kamar na Adidas". Za ta yi, kuma abin da za ka samu kwaikwayon alamar da ke da masu ita ne.

Mataki na huɗu: jarrabawa

Ware uku mafi kyau ka gwada su. Rage kowanne ya koma girman farcen babban yatsa a fuskar waya, ka ga ko har yanzu ana gane shi. Sa shi a da'ira, domin WhatsApp da Instagram da Facebook duk suna yanke kusurwoyin hoton shafi. Juya shi ya zama fari a kan baƙi. Buga shi a takarda a shagon kwafi, manna a bango, ja da baya taku goma.

Sannan nuna wa mutum biyar da ba su san me kake yi ba, har da dattijo ɗaya da mace ɗaya, ka tambaye su, "Me kuka gani?" Kada ka ce "Ya yi kyau?", domin kara ba za ta bar su su ce a'a ba. In uku suka ce sun ga tambarin mahauta, to ɓaunarka na bukatar aiki.

A ƙarshe ɗora shi a Google Lens ka ga ko akwai mai kama da shi. Manhajojin nan daga hotunan mutane suka koya, wani lokaci sukan dawo da abin da ya yi kusa da na wani ƙwarai.

Mataki na biyar: suna, da hannunka

Mu ƙaddara sunan wurinka yana da kalmar "Ƙarfi". In manhajar ta rubuta "Karfi", mai karatu zai gane, amma ka nuna ba ka damu ba. Akwai inda abin ya fi haka muni: ƙugiya ɗaya ce tsakanin ƙafa da kafa, tsakanin ɗaki da daki. Manhajojin zane ba rubutu suke yi ba, zana kamannin haruffa suke yi, kuma ƙ da ɗ da ɓ ba su cika haɗuwa da su ba. Ajami da Larabci kuwa kada ma ka gwada. Za ta fitar da abin da ya yi kama da rubutu daga nesa, a kusa kuma shirme ne, ga shi mutanenmu ba sa wasa da haruffan Larabci.

Saboda haka buɗe Canva, ko CorelDRAW in kana da kwamfuta, ka ɗora alamar, ka buga sunan da kanka. Kafin ka ƙaunaci wani salon haruffa, rubuta masa "Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ", in a Nijar kake ka ƙara ƴ. In harafin ya fito a ɗan akwati, ko ya fito siriri a tsakiyar masu kauri kamar baƙo a gidan biki, salon ba shi da shi. Noto Sans na Google da Andika suna da haruffanmu duka. Ga gidan motsa jiki, mai kaurin Noto Sans da manyan baƙaƙe yana tsayawa da kyau. In kuma akwai wani salon da ka nace a kai, mai zane zai iya ɗora wa K ƙugiya da hannu.

Salo ɗaya ya isa, biyu shi ne iyaka. Haɗa tambarin a siga uku: alama a sama suna a ƙasa don riga, alama a hagu suna a dama don allon ƙofa, da alama ita kaɗai don hoton shafi. Kada ka cusa lambar waya ko adireshi a cikin tambari. Lamba na canzawa, shago na tashi.

Yanzu ne lokacin launi. Biyu, da fari ko baƙi. Tuna da rana da ƙura: ja da ruwan hoda sukan yi saurin koɗewa a allon da rana ke duka, fari kuma ba ya jure hunturu. Kowane launi yana da lambarsa mai alama shida da ke farawa da #, misali baƙi #000000 ne, fari #FFFFFF. Rubuta lambobin naka ka adana, don kada yau a buga maka shuɗin sama, gobe shuɗin bula.

Mataki na shida: daga hoto zuwa bekta

Wannan matakin ne ake tsallakewa, kuma shi ke jawo kuka a maɗaba'a.

Abin da manhajar ta ba ka, PNG ko JPG, tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Da yawansu suna ba da hoto mai kimanin fiksel 1024 a kowane gefe. A bugu mai kyau na takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci, ke nan hotonka bai kai santimita 9 ba. In ka ja shi ya cika bana mai faɗin mita 3, kowane ɗigo zai zama kusan milimita 3, gefen zanen ya koma kamar haƙoran zarto. Bekta kuwa ba ɗigo ba ne, lissafin layuka ne, ko girman bene ka ja shi ba ya fashewa.

Hanya ta kyauta ita ce Inkscape a kwamfuta: ɗora hoton, shiga Path, zaɓi Trace Bitmap. A CorelDRAW, wadda masu bugawa da yawa a Najeriya ke aiki da ita, sunan abin PowerTRACE. A nan za ka gode wa kanka da ka yi zanen baƙi da fari, domin shi ne ke juyuwa tsaf. Bayan an juya, ƙara girman sosai ka bi gefe-gefe. Za ka tarar da layin da ya karkace, da'irar da ba ta rufe ba, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo. In ba ka iya gyarawa ba, biya mai zane ya sake bin layukan da hannu. Aikin awa ɗaya ko biyu ne ga wanda ya iya, kuma a duk kuɗin da za ka kashe a wannan harka babu wanda ya fi shi amfani.

Ka ce masa ya mayar da rubutun ya zama zane, a CorelDRAW ana danna Ctrl da Q. In ba a yi haka ba, ranar da aka buɗe fayil ɗin a kwamfutar da ba ta da salon haruffanka, ƙ ɗinka za ta sake ɓacewa. Karɓi fayil ɗin bekta a tsarin SVG da PDF, da fayil ɗin CorelDRAW ɗin kansa, da PNG marar bango mai launi, da baƙi, da fari. A Canva sauke hoto marar bango ko SVG sai mai biyan kuɗi, amma shafin remove.bg da Photopea suna cire bango.

Launin fuskar waya haske ne, na takarda tawada ne, shi ya sa kore mai ƙyalli ko lemo mai walƙiya ke fitowa a dushe. Kafin a buga riga 50 ko babban bana, nemi a buga maka ƙaramin gwaji ka gani da idonka. Kuma in za ka tura fayil ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, ba hoto ba, don WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci.

Mataki na bakwai: hotunan talla

A nan ƙa'idar ta juye. Tambari yana son taƙaitawa, hoto yana son bayani dalla-dalla. In ka ce "mutum yana motsa jiki", za ka samu Bature ko Ba'amurke tsirara daga ƙugu zuwa sama a wani katafaren wuri mai gilasai. In mace ka ce, kayan da za a sa mata ba za ka iya ɗora su a shafinka ba. Sai ka faɗi komai:

"Hoto kamar na kyamara. Magidanci ɗan Afirka ta Yamma, baƙin fata, ɗan kimanin shekara 45, mai matsakaicin jiki da ɗan tumbi, sanye da riga mai hannu ruwan toka da dogon wandon motsa jiki, yana tafiya a kan injin gudu, fuskarsa a sake. Ɗaki mai sauƙi, bango fari, fanka a sama, hasken safiya ta taga. Hoton a tsaye, a bar sarari a sama don rubutu. Babu rubutu, babu alamar kamfani a jikin kaya."

Ga wurin mata: "sanye da hijabin wasanni, doguwar riga mai faɗi har gwiwa da wando mai faɗi", kuma sau da yawa hoto daga baya ko daga gefe, ko na hannu riƙe da ƙaramin ƙarfe, ya fi karɓuwa. Hajiya mai wurin, ke kika san matan unguwarki da mazajensu, ke za ki faɗi iyakar.

Batun sa mutanen da suka yi kama da mu ba son rai ba ne kawai. Hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, ta hana sa 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan ƙasa tun daga 1 ga Oktoba 2022. Ko ba doka ma, Alhajin da ya ga mai irin jikinsa a hoto ya fi saurin cewa "ni ma zan iya."

Duk hoton da ya fito, ƙara girmansa ka bincika. Ƙirga yatsu. Duba ko sandar ƙarfen ta ratsa ta cikin wuyan mutumin, ko faifan hagu uku ne na dama biyu, ko igiyar injin ba ta haɗe da komai ba. Sannan duba da idon mai horarwa: manhajar na iya zana mutum yana ɗaga nauyi daga ƙasa da baya a tanƙware, irin kuskuren da kullum kake hana yaranka. Ka ɗora wannan, waɗanda suka san harkar su yi maka dariya, waɗanda ba su sani ba su kwaikwaya su ji ciwo.

Girman hoto a fiksel, faɗi da tsawo: 1080 da 1350 don shafin Instagram da Facebook, 1080 da 1920 don sitatus na WhatsApp da TikTok. Rubutu, farashi, lokutan buɗewa da tambari duk a Canva za ka ɗora su. Haɗa samfuri ɗaya mai launukanka da salon haruffanka, ka riƙa canza hoto da saƙo kawai: sanarwar lokutan azumi, ranakun mata, rangwamen sallah. Adana umarnin da ya yi maka aiki a wuri ɗaya, ka riƙa sauya kalma biyu ko uku, hotunanka za su yi kama da 'yan gida ɗaya.

Akwai abu biyu da nake ganin bai kamata a yi da waɗannan manhajoji ba sam. Na ɗaya, nuna wurin da ba naka ba a matsayin naka. In benci biyu da injin gudu ɗaya kake da su, kada ka ɗora hoton zaure mai injina 30 da na'urar sanyaya ɗaki. Mutumin zai hau Keke Napep ya zo, ya tsaya a ƙofa, ya juya, kuma zai ba da labari a majalisa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na biyu, hoton "da da yanzu" na ƙarya, wato mai ƙiba ya zama siriri a wata ɗaya, ko sa fuskar wani ɗan wasa ko jarumin fim kamar yana tallata ka. Wannan yaudara ce a ciniki, kuma mai fuskar na da haƙƙin kai ka ƙara. Facebook da Instagram ma tun 2024 suna liƙa wa hotuna da yawa alamar cewa na'ura ce ta yi su, hotunan Gemini kuma suna ɗauke da wata ɓoyayyiyar alama mai suna SynthID.

Abin da ya fi aiki shi ne gauraye. Share wurinka, buɗe ƙofa da taga da safe, goge gilashin kyamarar waya da gefen riga, ɗauki hoton kayanka na gaske. Ɗora wa Gemini ko ChatGPT ka ce a ƙara haske, a cire bokitin da ke kusurwa, kada a taɓa sauran. Kwatanta da na asali, don wani lokaci takan ƙara maka injin da ba ka saya ba. In da mutum a hoton, nemi izininsa kafin ka ɗora shi a kowace manhaja, balle a shafi. Hotunan na'ura zalla kuma ka bar su ga abin da kowa ya san zane ne: fosta, bangon sanarwa, zanen da ke nuna tsokar da kowane atisaye ke taɓawa.

Mataki na takwas: mallaka

A Amurka, inda yawancin kamfanonin nan suke, ofishin haƙƙin mallaka ya fitar da rahoto a Janairu 2025 cewa rubuta umarni kaɗai ba ya sa mutum ya zama mai zanen, a Maris na shekarar kuma wata kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar da cewa sai aikin ɗan Adam ne ke samun wannan kariya. Shi ya sa na ce ka fara da zanen biro, ka sa hannu a gyara, ka adana takardar da duk matakan da ka bi. Canva ma ta faɗa a sharuɗɗanta cewa ba a yin rajistar tambarin da aka haɗa da samfuranta ko hotunan rumbunta, sai dai haruffa da layuka da siffofi na gama-gari.

Rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, suna take karewa, ba tambari ba. Tambari ana yi masa rajista ne a ofishin rajistar alamun kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar rukuni-rukuni ce bisa irin sana'a: gidan motsa jiki yana rukuni na 41, in kuma za ka sayar da riguna da huluna masu alamarka sai ka ƙara rukuni na 25. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma duk shekara 14. A Nijar da Kamaru da Chadi, hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde ce ke yi, rajista ɗaya ta shekara 10 da ke aiki a ƙasashe 17. Ga mai shago ɗaya a unguwa wannan na iya jira, amma ranar da ka fara tunanin reshe na biyu, fara da shi.

Shi ƙanen abokin nawa, kwana uku muka yi. Ya ƙare da dunƙulen hannu naɗe da zare a cikin faifan ƙarfe, baƙi da ruwan ɗorawa, sunan a ƙasa da ƙugiyarsa a inda take. Mai ɗinkin kwamfuta ya ɗinka shi a huluna ba tare da ƙorafi ba. Zakin kuwa ya ƙi rabuwa da shi. Ya sa an ƙara masa fiksel, an goge gurɓataccen sunan, an buga shi a fosta, yana nan manne a bangon ciki saman bencin ɗaga ƙarfe, samari na tsayawa a gabansa suna ɗaukar hoto.